Kunnen Abba

Gwammaja, Kano.

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Wata biyar ke nan rabon da in ji ɗuriyarka, sai hotunan da kake ɗorawa a WhatsApp kana tsaye gaban dala kamar kai ka gina ta. Goggo ta ce in tambaye ka ko Misirawa sun hana ka tuwo ne, duk ka zuƙe.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ɗana Abba. Ka bar shi yana aji ɗaya, yanzu shekararsa 9. Watan jiya Mista Bulus, mai koyar da mawaƙan coci a Sabon Gari, ya kawo mini fiyano gyara. Shago ya cika da sifiku, sai na tafi da ita gida. Bayan na canza abin da ya ƙone, na kira shi ya zo ya gwada. Yana dannawa yana faɗin sunan kowane sauti, C, D, E, har ya kai B, yaron na zaune bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Ranar ke nan. Bayan kwana uku Bulus ya dawo ɗaukar kayansa, ya taɓa maɓalli ɗaya kawai, Abba daga tsakar gida ya ce F. Bai ga hannun mutumin ba, Sani. Bulus ya sa shi ya juya baya, ya yi ta dannawa sama da ƙasa, sau ashirin, bai kuskure ba sai a baƙaƙen maɓallai, su ma don ba a gaya masa sunansu ba. Cewa yake yi wannan maƙwabcin F ne na sama.

Abin da ya fi girgiza ni firiji ne. Ya ce kukan firijinmu G ne amma ya ɗan ɗaga. Ka san aikina, wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, G na can ƙasa kuwa 49 ne. Na ɗauko waya na auna. Haka ne. Na rasa abin cewa, sai na shiga ɗaki na yi ta hamdala.

Bulus ya zauna ya yi mana bayani har shayi ya huce. Ya ce yawancin makaɗa, har da shi, sai an ba su sauti ɗaya su riƙe, daga nan su auna tazarar sauran, kamar mai neman gida daga masallacin unguwa. Wannan kowa zai iya koya in ya dage. Amma wanda zai ji sauti shi kaɗai ya kira sunansa kamar yadda kake ganin ja ka ce ja, irinsu kaɗan ne, kuma galibi tun suna ƙanana abin yake kamawa. Ya ce akwai wata malamar jami'a a Kalifoniya, Diana Deutsch, da ta gwada ɗaliban kiɗa na Beijing da na Amurka, ta tarar masu wannan kunne sun fi yawa cikin Sinawa, ta danganta hakan da harshensu mai karin sauti. Nan take na tuna Malam Na-Allah yana ƙwala mana kukan yaro da kukar miya, rubutu ɗaya, murya ce ta raba su. Ashe abin da kalangu yake bi ke nan in mahauta suna jin maganarsa.

Af, kafin in manta, Ɗanliti ya yi aure. Wai 'yar Bichi. Bai gayyaci kowa daga majalisa ba, kuma har yau bai biya kuɗin batirin nan ba. Shehu kuma ya sayar da babur ya koma sayar da kati.

Sunayen sautukan ma rigima ne. Bulus da do, re, mi yake koyar da mutanensa, kuma a wurinsu do tana iya sauka ko'ina, duk inda waƙa ta kafa gindinta nan ce do. Wannan tsari daga Ingila ya zo ta hannun 'yan mishan, asalin kalmomin kuwa wani malamin coci ne ɗan Italiya, Guido na Arezzo, ya tsamo su daga wata waƙar addu'a kusan shekara dubu da ta wuce. A Faransa da Italiya do ba ta motsi, C ce kullum. Abba ya ƙi yarda da ta Bulus, ya ce yaya za a kira G da suna do bayan shi yana ji G ce? Jamusawa suna da H a inda Ingilishi ke da B. Indiyawa kuwa ai ka san su tun muna zuwa silima, sa re ga ma pa da ni. Na ce wa Bulus marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ci duniya, kunnensa ne ma'auninsa. Ya ce haka ne, amma suna shi ke sa ka iya miƙa wa wani abin da ka ji.

To ga damuwata. Baba ya ji labari, kuma ka san Baba. Ya kira ni zaure ya ce gidan nan allo aka gada, ba zai ga jikansa yana bin biki da kiɗa ba. Ban musa masa ba, don ina ganin girman abin da yake tsoro. Amma na kwana biyu ba barci. Allah ne ya ba yaron nan wannan kunne, ban ga dalilin da za mu toshe shi ba. Maman Abba tana bayana, sai dai ba ta son a ji bakinta.

Shi ne na tuno ka. Ran nan ina jin karatun Abdulbasit a rediyo, Abba ya tsaya cak ya ce akwai wani sauti a muryar mutumin nan da babu shi a fiyanon Bulus, yana tsakanin E da baƙin da ke ƙasa da ita. Ba shi ne Sika da ka taɓa ba ni labari ba, cikin maƙamai, wato salon karin murya na Larabawa, su Bayati da Hijaz da Rast? Ka tambayar mini malaman da kuke zama da su yadda ake fara koya wa yaro maƙamai tare da tajwidi, da shekara nawa ake farawa, ko akwai wanda ke koyarwa ta waya. Izu 12 gare shi yanzu. In Baba ya ji ta wannan hanyar, ina kyautata zaton zai saki fuska, musamman in daga bakinka ya ji. Ka kira shi ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin ya fi sakewa.

Turaren da ka yi alkawari tun bara, mun zuba ido. Ka gaida Malam Hadi in kun haɗu, ka ce masa littafinsa na nan wurina, ruwa bai taɓa shi ba. Su Goggo da Maman Abba suna gaisuwa, Abba ya ce ka turo masa muryar ladanin unguwarku.

Naka,
Kabiru