Tsohuwa Ta Farfaɗo

Kano,
Daren Asabar.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin Alƙahira bai hana ka fita karatu ba. Na san shiruna ya yi yawa, amma kafin ka yanke mini hukunci ka saurari uzurina: Tsohuwa ce ta kwanta jinya wajen wata biyu. Kada hankalinka ya tashi, Hajiya lafiyarta ƙalau, kwamfutar teburin nan nake nufi, wadda ka raka ni muka sayo ta hannu kana ta yi mini dariya a hanya. Akwai shawarar da nake nema a wajenka game da ita, amma bari in fara ba ka labari.

Tun shigowar hunturu ta tsiri wata ɗabi'a. Ina cikin rubutu sai allo ya rikiɗe shuɗi, ya nuna MEMORY_MANAGEMENT, ta kashe kanta ta sake tashi. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana kuma sau biyar kafin azahar, kuma wannan rashin tabbas ya fi ci mini rai fiye da a ce ta mutu gaba ɗaya. Da farko na zargi ƙwayar cutar kwamfuta, na sake saka mata Windows har sau biyu, ciwo yana nan. Sai na ɗora laifin a kan wutar da ake kawowa ana ɗaukewa, na sayi sitabilaiza da kuɗin da na ware don ɗinkin yara. Daga ƙarshe na kai ta wajen wani mai gyara, wanda ko murfinta bai buɗe ba ya ce madabod ɗinta, wato babban faifan da duk sassanta ke maƙale a kai, ta gama aiki, kuma, ikon Allah, yana da wata ta sayarwa a ƙarƙashin tebur.

Yau da safe na ɗaure ta a bayan babur na kai ta taronmu na masu sha'awar kwamfuta. Har yanzu Asabar ɗin farko ta kowane wata muke haɗuwa a ajin nan na aro, ana karo-karon kuɗin man janareta, kuma Malamin Lissafi bai daina zuwa a makare yana neman a maimaita masa komai ba. Sai dai fuskoki sun canja tun tafiyarka, yanzu yara ne suka fi yawa, mu kuma mun koma "su Baba". Manya suka kewaye ta, kowa yana faɗin ra'ayinsa, sai wani yaro ɗan sakandare ya durƙusa ya ce, "Baba, mene ne abu na ƙarshe da aka canja mata kafin ta fara?" Wallahi sai da na ji kunya, domin a lokacin ne na tuna cewa na ƙara mata RAM, wato ma'adanar bayanai ta wucin gadi, mai gigabait 4 don ta cika 8, mako ɗaya kacal kafin ciwon ya fara.

Yaron ya tashe ta daga filash da Memtest86+, manhajar da ke rubuta bayanai a kowane lungu na RAM ta sake karantawa don ta ga ko sun dawo yadda ta ajiye su. Ba a yi minti goma ba jajayen layuka suka cika allo. Bai yi gaggawar murna ba, ya zare RAM guda ɗaya, ya gwada kowace ita kaɗai a rami ɗaya, don a bambance laifin RAM da laifin ramin. Ta asali ta gama zagayenta tsaf, sabuwar ce mai ciwo. Abin da ya burge ni shi ne bai taɓa canja abu biyu a lokaci guda ba, alhali ni na shafe wata biyu ina jifa a duhu.

Da muka duba cikinta kuma, ƙura ta daskare a fanka kamar bargo, zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana kaiwa digiri 95 da zarar an ba ta aiki. Aka hure ta, aka goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya aka shafa sabo, zafi ya sauko wajen 60. Abin da ya tayar mini da hankali ya zo a ƙarshe: CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, ta nuna alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kan diski, wato wasu sassansa sun lalace har ya fara kauce musu. Rubuce-rubucena na shekara shida da hotunan sunan ɗiyarka duk suna ciki, ba ni da kwafi ko ɗaya. Na san abin da za ka ce, ka riƙe shi. Yanzu haka ana kwashe su zuwa wani diski, ina jin ƙararsa ina rubuta maka.

Wata muhawarar ta tashi kafin a watse. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Tsohuwa kuwa ba ta da TPM 2.0, ɗan sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata. Rabin 'yan taro suka ce in saka mata SSD, wato diski mai sauri, da Linux Mint a madadin Windows ta ƙara shekaru, kuma sunanka ya fito har sau uku, domin ba a manta wa'azin da ka riƙa yi mana kana kiran mu bayin Windows ba. Na karɓi filash ɗin Linux ɗin, amma ban yi alkawari ba, shawararka nake jira.

Malamin Lissafi ya ce in tuna maka ƙaramar sukundirebarsa da ka ara. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan ɗiyata.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano.