Likitocin haƙori, a rage gaggawar cire wa yara haƙori

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da likitocin haƙori na nan Gombe, musamman masu duba kowa da kowa babba da yaro, don ƙwararrun ɓangaren yara ba su da yawa a wajenmu, yawancin 'ya'yanmu hannun waɗannan suke faɗawa.

Abin da ke damuna shi ne ka kai yaro da kogo a haƙori, amsa biyu ce kusan kullum, ko a ce a cire ko a ce ai haƙorin nono ne bari ya yi famfara. To wane famfara? Na gaba ne ke zuba a shekara 6 zuwa 7, matauna na ciki sai yaro ya kai 10 ko 12, kenan ɗan shekara 4 zai yi shekara shida yana tauna da ciwo, in kuma aka cire da wuri na kusa su matso su cinye gurbin, sabon ya zo ya fito a karkace.

Kuma fa ƙa'idojin aikin nasu ba haka suka ce ba. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ruwan azurfa mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa) a jerin muhimman magunguna, ana ɗan shafa shi a kogon sai ruɓewar ta tsaya, ba allura ba injin huda, aibinsa kawai wurin yana yin baƙi. Akwai cikon da ake yi da kayan hannu zalla, a ƙanƙare ruɓaɓɓen a cike, wanda aka fara a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980 saboda wuraren da babu lantarki, wallahi kamar don mu aka yi shi. Amma iyaye nawa aka taɓa yi wa bayanin waɗannan?

Ban ce laifinsu ne su kaɗai ba. Mu ma sai kumatu ya kumbura, an gama shan Amoxil na kemis an cusa kanumfari sannan mu taho, a lokacin sau da yawa sai cirewar. Ga rashin kaya, ga layi, ga yaro na tsala ihu.

Amma bayani ai ba ya cin kuɗi. Minti biyu ya isa likita ya ce wa uwa a goge wa yaro baki sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, kamar ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, ya tofar kar ya kurkure, a daina kwantar da shi da fida mai shayi da suga. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma don Allah ta sayo wannan ruwan shafawar ta raba wa asibitocin ƙananan hukumomi, na Dukku da Nafada ba kowa ke da kuɗin motar zuwa Gombe ba.

Daga wata malamar firamare, Gombe.