Farantin Kawu Mai Hoton Mujiya

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Faris, ya iyali? Tun ƙaramar sallah ban ji ɗuriyarka ba, ko Faransanci ya cinye Hausar taka ne? Bari dai, zan kama ka daga baya. Magana ce ta taso, kuma kai ne kusa da inda ta samo asali.

Ka tuna farantin nan mai hoton mujiya da ke saman kabad ɗin Hajiya a Gwammaja, wanda take juya wa bango fuska wai mujiya ba abin gani ba ce da sassafe? Bayan arba'in ɗin Kawu, Allah ya jiƙansa, muka zauna ƙididdigar gado. An haɗa shi cikin tangaran da langa za a yi musu kuɗi a dunƙule, sai na kifa shi don in goge ƙura. A gindinsa akwai hatimi biyu da aka danna cikin yumɓun, ɗaya Madoura Plein Feu, ɗaya Edition Picasso, ga lamba an rubuta da hannu. Gabana ya faɗi. Ka san Kawu ya daɗe yana kuku a gidan wani Bafaranshe a Bompai, kuma Hajiya ta ce shi ya ba shi ranar da zai koma ƙasarsu.

Kwana uku ina karatu a waya. Ashe a 1946 Picasso, shahararren mai zanen nan, ya je Vallauris, garin maginan tukwane a kudancin Faransa, ya haɗu da Suzanne da Georges Ramié masu maginar Madoura, ya fara aiki da su a 1947. A can ma ya haɗu da Jacqueline da ya aura a 1961. Akwai kayan da ya yi da hannunsa guda ɗaya tak, waɗannan sai gidajen tarihi da manyan attajirai. Akwai kuma samfura 633 da ya yarda maginan su maimaita, daga guda 25 zuwa 500 kowanne. Namu, in na gaske ne, cikin waɗannan yake. Da ma Empreinte Originale aka buga masa, da an ce daga zubin da ya sassaƙa da kansa aka fitar da shi.

Abin da ke hana ni barci shi ne masu jabu ma sun iya buga hatimi. Don haka sai an gwada da littafin da Alain Ramié, ɗan masu maginar, ya fitar a 1988, inda kowane samfuri yake da hotonsa da faɗinsa da shekararsa da adadin da aka yi. In faɗin ya saɓa, ko launin yumɓun, ko lambar ta wuce adadin, shi ke nan. Sannan tsaga da gyara suna karya farashi ƙwarai, har fitila ta musamman suke haskawa su gano inda aka liƙe. Namu yana da 'yar ɓantara a baki kamar ƙwayar gero. Na hana kowa wanke shi, na naɗe shi a zani na kulle.

Af, Dogo ya ƙara aure, a Fagge aka ɗaura ranar Juma'a. Ya ce gudummawarka da Yuro yake so, kada ka fake da nisa. Ƙurar hunturu kuwa bana ko Dutsen Dala ba ka hangowa.

Wani dillali daga Kurmi ya ji labari, ban san ta ina ba, ya zo ya juya shi sau biyu ya taya Naira dubu 150, wai a ba shi a ranar. Yaya har ya fara sallamawa. Na ce a'a. Irin waɗannan faranta a gwanjon Turai daga dalolin Amurka dubbai suke farawa, wasu su haura dubu goma, kuma a 2012 da babban gidan gwanjon nan Christie's suka yi gwanjon kayan Madoura a Landan sun tara sama da fam miliyan 8. Ba kwaɗayi ne ya kama ni ba, ka san ni. Cikin magada akwai marayu uku ƙanana, kuma in muka sayar da haƙƙinsu a makance ba mu da amsa gobe. In jabu ne mu sani mu huta, ya koma saman kabad.

Ga abin da nake roƙo. Zan turo maka hotuna ta WhatsApp, gaba da baya da hatiman kusa-kusa, na auna faɗinsa da tef ɗin tela. Ka nemo littafin nan a laburare ka gwada, sannan ka tura wa Christie's ko Sotheby's, tunda suna kimanta kaya ta hoto. Ni kuma ina binciken akwatin Kawu ko zan dace da wasiƙa ko hotonsa da Bature, don sanin hannun da abu ya bi yana ƙara masa daraja.

Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran turarenta. Ka amsa kafin Asabar, ranar za mu sake zama da malamin rabon.

Naka,
abokinka na Gwammaja