Sanarwa kan muhawarar ranar Asabar: hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan sallar La'asar za mu tattauna yadda jini ke shiga ƙwaƙwalwa da yadda yake fita. Kowa ya zo da zanensa na hannu.

Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana shan kimanin kashi 20 na iskar oksijin. Jijiyoyi huɗu ke kai mata jini: karotid biyu ta gaban wuya, batibiral biyu ta baya, na bayan nan ke haɗewa su zama jijiya ɗaya mai suna basila. Duk suna haɗuwa a wani zoben jijiyoyi na ƙasan ƙwaƙwalwa da Thomas Willis ya bayyana a 1664. A mutane da yawa zoben bai cika ba, shi ya sa toshewa iri ɗaya kan shanye ɓarin jikin wani, wani kuma ya tsira.

Roƙona shi ne kada mu yi wa hanyar fita karatun tsallake, don nan aka fi sakaci. Jinin yana taruwa ne a magudanan da ke tsakanin shimfiɗu biyu na fatar dura, wato fata mai kauri da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya gangara zuwa jugula, jijiyoyin wuya masu mayar da jini zuciya. Magudanan nan ba su da marufin hana jini komawa baya. Idan mai jego ta zo da matsanancin ciwon kai da farfaɗiya, a tuna da daskarewar jini a cikinsu. Haka ƙurjin hanci ko leɓen sama da aka matse, cutar kan iya kaiwa magudanar bayan ido.

Mai tambaya ya turo ta kafin daren Juma'a.