A ƙirga lambobin Janar Puller, a ƙirga yaransa ma

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe. Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kan Laftanar Janar Lewis Puller, hafsan sojojin kundumbala na ruwan Amurka, kuma ina da gyara ɗaya.

An jero lambobinsa tiryan-tiryan: Navy Cross, wato lambar yabon jarumta a fagen yaƙi, har sau biyar, biyu a Nikaraguwa, biyu a yaƙin duniya na biyu, ta ƙarshe a Koriya a 1950. Jarumtarsa kam ba a jayayya.

Sai dai ko sau ɗaya ba a ambaci tsibirin Peleliu da ke tekun Pasifik ba. A watan Satumba na 1944 ya yi ta tura yaransa gaba-gaɗi su hau tsaunukan da sojojin Japan suka haƙa koguna a ciki, ga zafi, ga ƙarancin ruwan sha. Cikin kusan mako guda fiye da rabin rundunarsa sun mutu ko sun jikkata, sai da manyansa suka janye ta. Har yau masana tarihi na muhawara kan matakin da ya ɗauka a nan, ba ƙagen maƙiya ba ne.

Ina roƙon ku buga ci gaban rahoton, ku ba Peleliu shafinta.

Naku,
Mai karatu daga Zariya