Zafin Zariya da Magungunan da ke Kan Kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan yadda ake ajiye magani a kantunan unguwanninmu nan Zariya. Duk sanda aka tashi zancen ingancin magani, jabu da gurɓatacce ake ambata, kuma da dalili, tunda daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, har da na garin nan. Amma akwai wata ɓarnar da ba a cika yin maganarta ba. Magani ne mai kyau, da lambar NAFDAC a jikinsa, ya fito daga kamfani lafiya lau, ya zo ya lalace a hannun mai sayarwa.

Duk wanda ya juya kwalin magani zai ga an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, wani ma 25. To a watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura 35 ko a inuwa. Ka leƙa wasu shaguna a Sabon Gari ko Tudun Wada da azahar, rufin kwano ne ba silin, kwalaben maganin yara jere a bakin taga rana tana dukansu. Ranar ƙarewar aikin da ke jikin kwalbar nan an rubuta ta ne bisa sharaɗin za a ajiye kwalbar yadda kamfani ya ce.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne magungunan firij. Insulin na masu ciwon suga, da allurar oxytocin da ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, duka tsakanin digiri 2 da 8 ake son su zauna. Firij yana nan a kusurwa, amma wuta ta ɗauke tun dare, janareto kuma sai magariba. Mai ciwon suga zai yi ta allura sugansa bai sauka ba, ya ɗauka cutar ce ta yi ƙarfi. Ita kuwa mai jego da jini ya ɓalle mata, ba ta da lokacin da za a gane allurar ba ta aiki. Ran uwa ne fa ake magana.

Sai kuma haɗi. A yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, a ƙulle a leda. Babu suna, babu ranar ƙarewar aiki, idan maganin ya tayar wa mutum da wani abu likita ma ba zai san me ya sha ba.

Na san kuɗin fetur ya karya mutane tun da aka cire tallafi a 2023, kuma ƙauyuka da yawa ba su da kowa sai mai kemis. Shi ya sa ba rufe shaguna nake nema ba. Hukumar PCN, wadda dokar 2022 ta ɗora wa nauyin ba da lasisi ga famasi da kemis, idan jami'anta sun fito zagaye su duba na'urar auna zafi da littafin da ake rubuta sanyin firij safe da yamma, kada su tsaya a takardar da ke manne a bango. Wanda ba shi da sola ko wata hanyar riƙe sanyi, a hana shi ajiye insulin da oxytocin, ya tura mutane inda ake da ita. Tsangayar harhaɗa magunguna ta ABU kuwa tana nan Samaru, kusa da mu. Ina roƙon malamanta su riƙa tara masu kemis na Zariya da kewaye kafin kowace bazara, su koya musu ajiyar magani da Hausa.

Wassalam,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya