Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Gasar Da Dusar Ƙanƙara Ta Hana

Connecticut, Amurka
17 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in ba ka amsar tambayar da ka yi mini game da gasar da 'yarka ta shafe watanni tana shiri dominta. Gasar dai ba a yi ta ba. An soke ta gaba ɗaya, kuma har yanzu abin bai bar zuciyata ba.

Kamar yadda na faɗa maka a baya, ita ce gasar sukwash, wato wasan buga ƙwallo a jikin bango, ta makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka tsara yi a nan jihar Connecticut daga Juma'a 8 zuwa Lahadi 10 ga wannan wata. Sai masu hasashen yanayi suka fara gargaɗin cewa wata gagarumar guguwar dusar ƙanƙara, wadda wata tashar talabijin ta laƙaba wa suna Nemo, za ta sauka a arewa maso gabashin ƙasar a daidai waɗannan ranaku. Saƙon sokewar ya iso mu tun kafin mu ɗora jaka a mota.

Kai da ba ka taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoto, zai yi wuya ka kwatanta abin da ya sauka a daren Juma'ar nan. A garin Hamden, kusa da New Haven, tsayinta ya kai inci 40, wato mita ɗaya da 'yan kai. Gwamna Dannel Malloy ya ba da umarnin rufe hanyoyi, an soke tashin dubban jiragen sama, gidaje masu ɗimbin yawa a yankin suka kwana ba wuta. Da asubahin Asabar na tura ƙofar gida ta ƙi buɗuwa, sai da na fita ta baya na yi sa'a biyu da shebur kafin na tono hanya, motata kuwa madubinta kawai ake hangowa. Saboda haka ban ga laifin waɗanda suka yanke hukuncin ba ko kaɗan. Babu uban da zai yarda a ɗebi 'ya'yan mutane a bas cikin wannan hali saboda kofi, kuma da sun yi taurin kai, ni da kaina zan hana ta zuwa.

Amma daidaituwar hukunci ba ta rage wa yarinya zafinsa ba, kuma wannan ne nake so ka fahimta. Sukwash wasa ne na mutum biyu a cikin ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa bai kai mita goma ba, suna buga ƙaramar ƙwallon roba a jikin bango da raket, wato abin bugu mai raga da mariƙi, wanda ya fara kai maki 11 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye uku cikin biyar ya ci wasa. To, a wannan gasa makaranta ce ke karawa da makaranta, kowace da 'yan wasa bakwai a jere bisa ƙwarewarsu, na ɗaya da na ɗaya, na bakwai da na bakwai, kuma nasarar na bakwai daidai take da ta na ɗaya a lissafi. 'Yarka ta yi shekara uku tana zaman jiran tsammani a wajen wannan jeri. Bana ne ta samu gurbi na bakwai, bayan ta doke wata abokiyarta a wasan tantancewa, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe a sakandare. Masu ba ta haƙuri suna cewa akwai baɗi, alhali ga ɗan ajin ƙarshe babu wata baɗi.

Na san irin wahalar da ta sha, domin ni nake kai ta atisaye bayan sallar asuba cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Ƙwallon da suke bugawa, mai ɗigo biyu rawaya, ba ta tashi sai an yi ta dukanta ta ɗauki zafi, kuma na sha zama a bayan gilashi ina jin ƙarar wannan duka kafin gari ya waye. A ranar Asabar ɗin na same ta a ɗakinta ta zazzage jakar da ta shirya tun farkon mako, tana warware sabon naɗin da ta yi wa mariƙin raket ɗinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce komai ba. Na zauna kusa da ita na ce mata ta yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara, ta amsa da “To, Baba,” amma na ga idonta.

Wataƙila za ka ce me ya sa ba a ɗage ta zuwa wani mako ba. Ni ma na yi wannan tunani, sai dai gasar da ke tara makarantu masu yawa haka ba ta yiwuwa a wuri ɗaya, dole a ari ɗakunan wasa na jami'o'i da makarantu da dama a lokaci guda, su kuma suna da nasu wasannin a jere har ƙarshen kakar sanyi, ga kuɗin masauki da na mota da iyaye suka riga suka kashe. Duk da haka ina ganin ya kamata a riƙa ware ranakun ko-ta-kwana tun farkon shekara, tunda kowa ya san halin watan Fabrairu a wannan yanki.

Jiya ta koma atisaye da kanta, ba tare da na ce mata komai ba. Ina roƙonka ka kira ta ranar Lahadi mai zuwa, domin tana jin maganarka, kuma kada ka ce mata akwai baɗi, ka tambaye ta kawai yadda ta samu gurbin nan na bakwai, ka bar ta ta ba ka labari. Ka gaida Hajiya da yara, da sauran abokanmu na majalisa.

Naka amini,
daga Connecticut